FASHIN BAƘI: Yadda Ake Zaɓen Na'urar Auna Danshi Don Duba Gidajen Ƙasa a Birnin Zariya

A ranar Juma'a, 11 ga Agusta, 2023, wani sashe na Babban Masallacin Juma'a na Zariya ya rufta wa masallata ana tsaka da sallar La'asar. Rahotannin farko sun ce aƙalla mutum bakwai ne suka rasu, wasu da dama kuma suka jikkata. Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmad Nuhu Bamalli, ya shaida wa manema labarai cewa an lura da tsaga a jikin bango kwana ɗaya kafin aukuwar lamarin, kuma ana cikin shirin kawo injiniyoyi su duba.

Wannan masallaci ba ƙaramin gini ba ne a tarihin ƙasar Hausa. Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, a wajajen shekarun 1830, kuma darajarsa ta kai har an kwaikwayi siffarsa a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos. Yanke hukunci a kan musabbabin ruftawarsa aikin injiniyoyi ne. Sai dai lamarin ya bar wata tambaya da ta shafi kowa a cikin ganuwa: idan ginin da dubban idanu ke kallo a kullum zai iya kai wa ga haka, yaya halin dubban ɗakunan ƙasa da ke lungunan Kwarbai da Juma da Iya da Ƙaura da Limancin Kona, waɗanda ba mai duba su sai masu kwana a ciki?

Tsaga alama ce da ke zuwa a makare. A ginin ƙasa, abin da ya fi riga ta zuwa shi ne ruwa, kuma ruwan kan daɗe yana aiki a ɓoye kafin ido ya gan shi. Wannan ne ya sa na'urar auna danshi, wadda girmanta bai wuce na wayar hannu ba, ta zama ɗaya daga cikin kayan aikin masu duba gidaje a duniya. A yau ana samun ta a shagunan intanet irin su Jumia da Konga, kuma matasan da suka karanta fannin gini ko ƙiyasin gidaje na iya mallakarta. Matsalar ita ce, kusan duk waɗannan na'urori an ƙera su ne domin katako da gidajen Turai da Amurka. Wanda ya ɗora ɗaya a jikin tubali ya karanta lambar da ta fito a matsayin hukunci, zai iya tsorata mutane a banza, ko kuma ya kwantar musu da hankali a ɗakin da ya kamata su bari.

Yadda ruwa ke cin ginin ƙasa

Bangon tubali yana tsaye ne da ƙarfin yumɓun da ke riƙe da yashi da tsakuwa da ciyawar da aka cuɗa a ciki. Muddin yana bushe, yakan ɗauki nauyin soro har da bene. Da zarar ruwa ya ratsa shi, yumɓun kan yi laushi ya kumbura, ƙarfin riƙonsa ya ragu, alhali nauyin da ke kansa bai ragu ba. Hasali ma nauyin ƙaruwa yake yi, domin rufin ƙasa da ya sha ruwa ya fi busasshe nauyi nesa ba kusa ba.

Zariya na samun ruwan sama da ya kai kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba, kuma mafi yawansa a Agusta. Ta hanyoyi huɗu wannan ruwa ke samun bango. Akwai wanda ke saukowa daga sama, idan rufi ya tsage ko indararo ya toshe ko ya karye. Akwai feshin da iska ke kaɗawa a jikin bango, da wanda ke fallatsa daga ƙasa ya riƙa zaizaye gindinsa. Akwai ruwan gida, wato na makewayi da masai da kwata da bututun famfo mai yoyo. Na huɗu, wanda ya fi su wuyar ganewa, shi ne wanda ke hawowa daga ƙarƙashin ƙasa. Bango kan tsotse shi ne kamar yadda lagwani ke jan kananzir a fitila, kuma galibi yakan tsaya a tsayin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, inda bushewa ke rinjayar tsotso.

Maginan da sun san wannan abokin gaba, kuma sun yi masa tanadi. Suna faɗaɗa gindin bango, su riƙa rage kaurinsa yayin da yake hawa. Suna shafe shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, su rufe soro da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Sannan ga yaɓe bayan damina, wanda a da kowane magidanci ya ɗauke shi wajibi. Duk waɗannan suna kore ruwan sama, amma suna barin bango ya fitar da danshin da ke cikinsa.

Abubuwa sun sauya. Kududdufan da aka haƙa domin ɗibar ƙasar gini, waɗanda suka zama matattarar ruwan unguwa, an cike da yawa daga cikinsu an yi gini a kai. Inda aka ɗaga titi ko magudana suka fi daɓen gida tudu, ruwa kan kwanta a gindin bango. Mafi yaɗuwa kuma shi ne filastar siminti a kan tubali, sau da yawa har da fenti mai sheƙi ko tayil. Siminti ba ya motsi tare da ƙasa, don haka yakan tsattsage, ruwa ya shiga ta tsagar, ya kuma rasa hanyar fita. Daga waje bango fes, daga ciki kuwa taɓo. A irin wannan bango ne ido ya fi yaudarar mutum, a nan ne kuma na'ura ta fi amfani.

Na'ura mai allura

Nau'i na farko yana da allurai biyu na ƙarfe a kansa. Ana soka su a jikin abin da ake son aunawa, na'urar ta tura ɗan lantarki daga wannan allura zuwa waccan. Busasshen katako ba ya barin lantarki ya wuce cikin sauƙi, jiƙaƙƙe kuwa yana bari. Ashe na'urar ba ruwa take aunawa kai tsaye ba. Sauƙin wucewar lantarki take aunawa, sannan ta fassara shi zuwa kashi cikin ɗari bisa jadawalin da masana'anta suka saka mata.

Wannan jadawali na katako ne. A jikin katako, lambar tana da ma'ana ta zahiri daga wajen kashi 6 ko 7 zuwa wajen kashi 30 cikin ɗari. A ma'aunin da kamfanin Protimeter ya shahara da shi, ƙasa da 17 na nufin bushewa, 17 zuwa 20 na nufin a sa ido, sama da 20 kuwa na nufin katakon ya shiga yanayin da zai iya ruɓewa. Don haka na'ura mai allura ita ce ta fi dacewa da katakon rufin kwano da na silin da ƙyamaren ƙofofi.

Idan aka soka ta a bango, labari ya sauya. Na'urori masu inganci kan nuna haruffan WME a fuskarsu, abin da ke nufin danshin da katako zai ɗauka da a ce an jingina shi da wannan bango ya daɗe. Idan ta nuna 22 a jikin tubali, ba wai kashi 22 na nauyin bangon ruwa ba ne. Farfesa Gernot Minke na Jami'ar Kassel a Jamus, wanda ya shafe shekaru yana nazarin ginin ƙasa, ya nuna cewa danshin da busasshen bangon ƙasa ke riƙewa bisa ɗabi'arsa bai cika wuce kashi 6 cikin ɗari na nauyinsa ba. Lambobin biyu ba yare ɗaya suke yi ba, kuma haɗa su kuskure ne da ke iya jawo mummunar fassara.

Akwai kuma batun zurfi. Allurar da ke jikin na'ura ba ta wuce 'yan milimitoci ba, alhali gindin bangon ƙasa na iya haura rabin mita a kauri. Abin da take ji fatar bango ce kawai. Mai son sanin halin da cikin ke ciki sai ya nemi dogayen sanduna masu rufi, waɗanda bakinsu kaɗai ke ji, ya huda ƙananan ramuka biyu ya zura su. Azara ma tana da nata sha'anin. Giginya ba ta da irin tsarin jikin itatuwan da aka yi jadawalin da su, don haka lambar da azara ta bayar ta kwatance ce tsakanin wannan azara da waccan, musamman a bakinta da ke binne cikin bango, inda ruɓa da gara suka fi farawa.

Na'ura marar allura

Nau'i na biyu yana da faifai a bayansa wanda ake mannawa a jikin bango. Yana aika siginar lantarki cikin bangon, ya auna yadda abin da ke ciki ya sauya ta, kuma ruwa na cikin abubuwan da suka fi sauya ta. Yawancin irin waɗannan na'urori kan ji zurfin kimanin milimita 20, wasu kuma su kai ninki biyun haka. Ba sa huda komai, abin da ke da muhimmanci a zaure mai zane ko ɗakin da aka yi wa ado, inda babu maigidan da zai yarda a sossoke masa bango. Suna kuma da sauri: cikin 'yan mintoci za a iya bin ɗaki guda, har a gano danshin da ke bayan fenti ko siririyar filasta.

Lambar da suke bayarwa a bango ta kwatance ce, wasu daga 0 zuwa 100, wasu daga 0 zuwa 999. Ba ta da ma'ana ita kaɗai sai an gwada ta da ta wani wuri. Ƙarfe na ruɗa su, don haka ƙusa ko wayar lantarki ko rodi ko bututu da ke cikin bango kan sa lamba ta yi tsalle ko da babu ɗigon ruwa. Suna kuma buƙatar fuska mai santsi. Bangon da aka yaɓa da hannu yana da tudu da kwari, kuma duk iskar da ta rage tsakanin faifai da bango tana rage lambar, ta sa jiƙaƙƙen wuri ya yi kama da busasshe. Wannan shi ne kuskuren da ya fi haɗari, domin shi ne ke kwantar da hankali.

Kowace na da makantarta, kuma makantar ɗaya ba ta ɗaya ba ce. Shi ya sa mai wannan aiki a matsayin sana'a ya fi dacewa ya nemi na'ura mai haɗe da hanyoyin biyu, irin Surveymaster ta Protimeter, ko kuma ya sayi biyu daban-daban. Kamfanonin Tramex da Delmhorst da Wagner da Extech duk sanannu ne a wannan fanni. Da marar allura ake lalube, da mai allura ake bincikar wurin da aka yi zargi.

Tarkon gishiri

Babban abin da ke yaudarar na'ura a tsohon gari shi ne gishiri. Ruwan da ke hawowa daga ƙasa yana ɗauke da sinadaran gishiri iri-iri. Idan ya bushe a fuskar bango, sai ya bar su a nan, su taru shekara da shekaru. Su ne farin garin nan mai kama da kanwa da ake gani a gindin bango. A wurin da mutane suka zauna ɗaruruwan shekaru tare da masai da turken dabbobi da marina, ƙasar kan cika da irin waɗannan sinadarai, wani lokaci ma tun a cikin ƙasar da aka yi tubalin.

Gishiri na yin ɓarna biyu ga awo. Na farko, yana sauƙaƙa wucewar lantarki, sai na'ura mai allura ta nuna ja alhali ruwan kaɗan ne. Na biyu, wasu nau'o'insa na jan danshi daga iska, kamar yadda gishirin miya ke jiƙewa a kwano da damina. Bangon da aka riga aka magance wa yoyo zai iya ci gaba da nuna babbar lamba duk lokacin da iska ta yi laima. Wanda bai san haka ba zai sa maigida kashe kuɗi a kan ciwon da ya riga ya warke, ko ya yanke wa lafiyayyen ɗaki hukuncin rushewa.

Hunturu da damina

Lokacin da aka yi awo na da tasiri kamar na'urar kanta. Da hunturu, laimar iska a Zariya kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, a Agusta kuwa takan haura kashi 80. Katako na bin iskar da ke kewaye da shi: a iska mai laimar kashi 20 yakan tsaya a wajen kashi 4 zuwa 5, a mai kashi 80 kuwa ya kai wajen kashi 16. Ƙyaure ɗaya, a gida ɗaya da ba ya yoyo, zai ba da lambobi biyu masu nisa da juna a Janairu da Agusta. Zafi ma na taɓa awo, domin an daidaita yawancin na'urori masu allura ne a kan ma'aunin zafi na wajen digiri 20, kuma katako mai zafi kan nuna lamba sama da gaskiyarsa.

Wannan na da amfani ga mai neman haya ko sayen gida. Gidan da aka duba a Maris, bayan wata biyar babu ruwan sama, zai iya fita da sakamako mai kyau ya kuma zama wani abu dabam a Agusta. A ɗaya ɓangaren, gindin bangon da ya nuna danshi a tsakiyar bazara ya tona asirin kansa, domin ruwan da ke cikinsa ba na sama ba ne. Daga ƙasa yake, ko daga kwata ko masai ko bututu. Awo biyu ake buƙata, ɗaya a ƙarshen rani, ɗaya a tsakiyar damina, a wurare iri ɗaya.

Abin dubawa kafin a biya kuɗi

Ba duk na'urar da aka rubuta wa auna danshi ba ce ta gini. Akwai ta hatsi, wadda dillalan masara da waken suya ke amfani da ita. Akwai sandar da ake cakawa a tukunyar fure ko a lambu. Babu ɗaya daga cikinsu da ke da abin faɗa game da bango.

A cikin na gini, abu na farko da za a nema shi ne ma'aunin kwatance mai faɗi. Wasu masu arha suna da maɓallin da aka rubuta wa kankare ko bulo, amma jadawalinsu na kayan ginin wasu ƙasashe ne, babu tubali ko jar ƙasa a ciki. Gwamma na'urar da ta fito fili ta ce lambarta ta kwatance ce da wadda ke ba da kashi cikin ɗari na ƙarya. Na biyu, ta kasance da hanyar gwada sahihancinta. Kamfanoni na ƙwarai kan haɗo da ɗan abin gwaji da ake ɗora allurai a kai, wanda dole ya ba da wata sananniyar lamba. Na'urar da ba za a iya gwada ta ba, ba za a iya kare sakamakonta a gaban kowa ba. Na uku, ta kasance da mashigar da ake jona dogayen sanduna, kuma a iya sauya allurarta, domin tsakuwar da ke cikin bango na karya su. Na huɗu, batirinta ya zama wanda ake samu a kasuwar Sabon Gari ko Tudun Wada, ta kuma nuna alama idan ya yi sanyi, tunda batir mai rauni na iya karkatar da awo.

Yana da kyau a haɗa da ƙaramin ma'aunin zafi da laimar iska, wanda ba shi da tsada, domin a rubuta yanayin ɗaki a lokacin awo. Kyamarar da ke nuna zafi da launuka kuwa, wadda ke burge mutane a bidiyo, ba ta ganin ruwa. Bambancin zafi take gani. Jiƙaƙƙen wuri kan fi sanyi, amma ba duk wuri mai sanyi ne jiƙaƙƙe ba. Na'urorin ƙwararru kan kai ɗaruruwan daloli, wanda ba ƙaramin kuɗi ba ne a yau. Sai dai mai arha a hannun wanda ya san iyakarta ta fi mai tsada a hannun wanda ke karanta lamba kamar hukuncin alƙali.

Yadda ake awon da ke da ma'ana

Awo na farawa ne daga busasshen wuri. Mai dubawa zai nemi bangon cikin gida da aka yi da ƙasa iri ɗaya da shafe iri ɗaya, nesa da makewayi, ya auna a tsayin da ya wuce kai. Wannan lamba ita ce mizaninsa a wannan gida, a wannan rana. Daga nan sai ya bi bangon da ake zargi daga ƙasa zuwa sama, a santimita 10, da 30, da 60, da mita ɗaya, da ɗaya da rabi, da kusa da rufi, ya maimaita hakan duk bayan taku ɗaya ko biyu, yana rubutawa a kan zanen bangon.

Siffar da lambobin suka yi ita ce bayanin. Idan sun yi yawa a ƙasa suna raguwa zuwa sama, ruwan daga ƙasa yake ko daga abin da ke kwanciya a gindin bango. Idan sun yi yawa a sama, a duba rufi da indararo. Idan wuri guda ne ya fita daban, a leƙa bayansa, wataƙila makewayin maƙwabci ne ko bututu. Idan wani layi a wajen mita ɗaya ya fi ƙasansa lamba, akwai yiwuwar gishiri ne ya taru a inda ruwa ke bushewa. Idan kuwa duk bangon ya ɗan hau baki ɗaya a fuskarsa kawai, to laimar ɗaki ce, wadda ƙarancin taga da shanya a ciki da cunkoso ke haifarwa. Ita ma ba abin rainawa ba ce: a shekarar 2009, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin da suka danganta danshi da funfuna a cikin gida da tari da asma da sauran cututtukan numfashi.

Inda za a yanke babban hukunci, kamar fitar da iyali ko rushe ɗaki, na'urar hannu ba ta isa ba. Hanyar da ta fi kowace inganci ita ce a huda bango a ɗebo ƙasa daga cikinsa, a rufe ta a gwangwanin da iska ba ta shiga, a auna nauyinta, a busar da ita a tanda mai zafin digiri 105 har nauyin ya daina raguwa, a sake aunawa. Alal misali, ƙasar da ta shiga da giram 100 ta fito da 92 ta zubar da giram 8 na ruwa, wato kusan kashi 8.7 cikin ɗari na busasshen nauyinta. Gishiri ba ya ruɗa sikeli kamar yadda yake ruɗa lantarki. Wannan gwaji ne na yau da kullum a ɗakunan binciken ƙasa na sassan injiniyan gine-gine, kuma Zariya gari ne mai Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli.

Akwai kuma alamun da ba sa jiran na'ura. Tsagar da ke ƙara buɗewa, bangon da ya yi ciki ko ya karkata, azarar da ta lanƙwasa, ƙasar da ke zubowa daga rufi, ƙyauren da ya daina rufuwa farat ɗaya, filastar da ke amo kamar ganga idan aka ƙwanƙwasa: duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan a tsakiyar damina, ya fitar da iyalinsa tukuna, awo ya biyo baya.

Lambar tana hannun wa?

Na'ura a hannun mai duba gida iko ce. Lamba ɗaya na iya rage kuɗin gidan gado a lokacin rabo, ta ba mai gida hujjar korar ɗan haya, ko ta ba ɗan kwangila damar sayar da aikin da ba a buƙata. A jihar da kalmar rusau ke tayar da hankalin jama'a, rahoton da ya ce gini ya jiƙe ba takarda ce ta wasa ba. Don haka duk wanda aka kawo wa irin wannan rahoto yana da damar yin tambayoyi: wace na'ura ce, a wane ma'auni, a wane wata, ina mizanin busasshen wuri, an yi la'akari da gishiri, an ɗebi ƙasa an gwada? Yana kuma da damar sanin ko mai sa hannun na da rajista da hukumar sana'arsa, COREN ga injiniyoyi, CORBON ga maginan zamani, ARCON ga masu zanen gine-gine.

Nijeriya na da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006, amma aiwatar da shi ya rataya ne a wuyan jihohi. A Kaduna, hukumar KASUPDA ce ke kula da tsara birane da izinin gini. Izini kuwa ya fi shafar ginin da za a fara, alhali haɗarin da ke cikin ganuwa yana jikin gine-ginen da suka riga dokar zuwa duniya. Danshin da ke gindin bango sau da yawa ba laifin maigida kaɗai ba ne. Magudanar da ta toshe da titin da ya fi gida tudu da kududdufin da aka cike, duk al'amura ne na hukuma, kuma awon da aka yi unguwa-unguwa aka rubuta zai nuna inda matsalar ta taru, ya ba mazauna hujjar da za su kai gaban kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa.

Kayan aikin ba su fi ƙarfin gari ba. Ɗaliban gini da na zane da na injiniya suna Samaru, maginan gargajiya da suka gaji sanin tubali da azara suna cikin birni, masu unguwanni kuma sun san kowane gida da mai shi. Abin da ya rage shi ne a haɗa su a kan jadawali ɗaya: zagaye na farko a Maris ko Afrilu, lokacin da akwai sauran damar yaɓe da gyaran indararo da yashe kwata kafin ruwa ya sauka, zagaye na biyu a Agusta, a kan bangon da aka riga aka yi wa alama, da na'urar da aka yi awon farko da ita.